Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alƙalin Alƙalan Jihar Jigawa Kan Shari'ar Riƙon Yara

Zuwa ga Mai Shari'a, Alƙalin Alƙalai,
Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci,
Dutse, Jihar Jigawa.



Allah ya gafarta Malam, na rubuto wannan wasiƙa daga Kafin Hausa a kan wata irin shari'a da ba a cika jin labarinta a rediyo ba, saboda babu gona a cikinta, babu gado, babu miliyoyin kuɗi. Ita ce shari'ar da ke tasowa idan aure ya mutu aka bar 'ya'ya a tsakani, uwa ta ce a hannunta za su zauna, uba ya ce sai dai a gidansa. Maganar da nake tafe da ita guda ɗaya ce. Mafi yawan masu zuwa gaban alƙali da irin wannan ƙara ba su san abin da shari'a ta tanada ba, ba su san abin da za a tambaye su ba, ba su kuma zo da abin da alƙali yake bukata don ya gane gaskiya ba. A ganina bai kamata a bar wa talaka wannan shiri shi kaɗai ba. Kotu ce ya kamata ta shirya ɓangarorin biyu kafin ta saurare su, kuma ofishinka ne yake da ikon mayar da hakan ƙa'ida.

Hujjata ta farko tana cikin hadisin Ummu Salama da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito. A cikinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, shi kuma yana hukunci ne da abin da ya ji, don haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ya sani yankin wuta aka yanka masa. Malamai sukan karanta wannan hadisi don tsoratar da mai wayon baki, kuma haka ne. Sai dai akwai wani darasi a cikinsa ga masu tsara aikin kotu: bambancin iya magana da bambancin shiri suna iya karkatar da hukunci ko a gaban mafi adalcin alƙalai. A shari'ar gona ko bashi, wanda ya zo ba shiri ya faɗi, dukiyarsa ya rasa. A shari'ar riƙo kuwa, wanda zai ɗanɗana kuɗar rashin shirin yaro ne ɗan shekara uku ko yarinya 'yar shekara bakwai, wanda ba shi ya kai ƙara ba, ba shi aka yi ƙara ba, ba ya rantsuwa, ba ya kawo shaida, amma a kansa hukuncin zai zauna shekara goma ko fiye.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan babi na hadana, wato riƙon yara, yana cikin babobin da mazhabarmu ta Malikiyya ta warware dalla-dalla. Littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, duk sun tafi a kan cewa idan aure ya rabu uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin uwa ya faɗi ba wurin uba yake fara komawa ba. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, a bi wannan ɓangare kafin a zo kan kaka ta wajen uba, sannan uban. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba ko a ina yaron yake, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora masa, ita ce kuma ayar da ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko a cutar da uba saboda ɗansa. Tarihi ya ajiye mana yadda magabata suka yi. Sayyidina Umar ya ga ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da mahaifiyar yaron, ya ɗauke shi, kakar yaron ta biyo shi suka je gaban Sayyidina Abubakar, Halifa ya ce a bar mata shi, Umar bai ƙara ko kalma ba. Haka 'yar Sayyidina Hamza, da Ali da Ja'afar da Zaidu suka yi jayayya a kan riƙonta, Annabi ya bai wa Ja'afar saboda matarsa Asma'u 'yar Umais 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce.

Ɗalibin da ya sauke Risala a zaure ya san wannan. Amma je ka tambayi magidanta goma a kasuwar Kafin Hausa ko ta Haɗeja wa ke da yaro bayan saki, amsar da za ka fi ji ita ce ɗa na uba ne, da an yaye shi sai a mayar da shi gidansu. Mata ma da yawa haka suka taso suka gani, haka suka ɗauka addini ne ya ce. Don haka mutum biyu sukan shiga kotu kowa da shari'ar da ba ita ce a gaban alƙali ba. Matar ta zo da labarin baƙin cikin da ta sha a gidan, da gorin uwar miji, da ranar da aka watso mata kaya waje. Mijin ya zo da lissafin abin da ya kashe na lefe da sadaki, da maganar cewa ba zai yarda jininsa ya tashi agola ba. Duka biyun zafi ne na gaske, amma ba su ne tambayoyin hadana ba. Alƙali yana son ya san shekarun yaron, a hannun wa yake kwana tun da aka rabu, wace ce za ta yi masa wanka ta ba shi abinci idan gidan uba za a kai shi, ko uwar ta yi wani aure kuma da wa, ko kakarsa tana raye tana da ƙarfi, ina makarantarsa, yaya lafiyarsa, me uban yake samu. Sau da yawa babu wanda ya zo da amsar waɗannan, balle shaidar da za ta tabbatar da su. Sai a ɗaga zama, a sake ɗagawa, yaron kuma yana hannun wanda ya riga ya ɗauke shi.

Rashin sani a wannan babi yana da tsada ƙwarai, domin akwai ƙofofin da idan suka rufe ba sa sake buɗuwa. A mashahurin zance na mazhaba, macen da ta sarayar da haƙƙin riƙonta ba tare da wani uzuri ba, ba ta da damar dawowa daga baya ta ce a ba ta. To mu dubi yadda 'ya'yanmu mata suke tashi. An koya musu alkunya a kan 'ya'yansu, musamman ɗan fari, har ta kai wata ba ta iya kiran sunansa. Ranar da baffannin yaro suka zo ɗaukarsa, mahaifinta yana zaune a zaure, ya ce a ba su ɗansu, wace yarinya 'yar shekara ashirin ce za ta ɗaga murya ta ce ba ta yarda ba? Ta yi shiru, ta shiga ɗaki ta yi kuka, bayan wata takwas ta ji yaron yana fama da ƙazuwa ko an ɗora wa yarinyar talla, ta garzaya kotu, sai a ce ai da yardarta aka tafi da shi. A nan shari'ar gaba ɗaya za ta rataya a kan tambaya guda, shin sarayarwa ta yi ko tilas aka yi mata, ita kuwa ba ta san cewa wannan ita ce tambayar ba, ba ta zo da maƙwabciyar da ta ga abin da ya faru ba. Haka batun hul'i. Malikiyya sun halatta mace ta fanshi kanta da sarayar da riƙon 'ya'ya, kuma macen da ta ƙagu ta fita daga aure takan amsa duk abin da aka gindaya mata ba tare da ta san abin da ta sayar ba. Haka batun sabon aure: idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi, ba kuma ya dawowa ko da wannan auren ya mutu. Amma idan wanda haƙƙin zai koma wa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda, shi ma ya rasa damar karɓa. Ita kuma kaka ta wajen uwa, wadda shari'a ta gabatar a kan uba, galibi tana can gida tana jiran labari, ba ta san cewa ita ce mai haƙƙin da ya kamata ta tsaya gaban alƙali ba.

Kada a ɗauka uwa kaɗai rashin shiri yake kayarwa. Uba yana da haƙƙoƙin da riƙon uwa bai taɓa su ba: shi ne waliyyi, shi ke lura da tarbiyya, shi ke sa yaro makaranta, yana da damar ganin ɗansa da bibiyar halin da yake ciki. Idan da gaske mai riƙon ba ta da amana, ko gidan da take ba shi da tsaro ga yarinyar da ta fara girma, ko tana da ciwon da zai cutar da yaron, shari'a ta ba shi damar ya tabbatar da haka a karɓe. Amma uban da bai san waɗannan sharuɗɗa ba yakan kama hanya mafi muni, ya tsaya a bainar jama'a ya jefi uwar 'ya'yansa da alfasha ba tare da shaida ba. Ya jefa kansa cikin haɗarin haddin ƙazafi, ya kuma ɓata sunan yarinyar da gobe shi ne zai ba da aurenta. Akwai kuma hukuncin tafiya, wanda ya shafe mu sosai a ƙasar da samari da magidanta suke fita cirani kowace shekara. Malamai sun ce idan waliyyi zai ƙaura ya zauna dindindin a wuri mai nisan baridi shida, abin da ya haura kilomita 120, yana iya tafiya da ɗansa idan hanya da wurin suna da aminci, sai dai in mai riƙon za ta bi su. Daga Kafin Hausa, Haɗeja ba ta kai wannan nisa ba, Kano ta wuce shi. Amma ƙaura aka ce. Wanda zai je Legas ko Fatakwal neman kuɗin rani ya dawo da damina ba ya cikin wannan hukunci, haka wanda yake so ya karɓe yaro daga uwarsa don ya miƙa shi ga wani malami a garin da shi kansa ba zai zauna ba. Mutum nawa ne suka san wannan bambanci kafin su tsaya a gaban alƙali?

Allah ya gafarta Malam, a ƙara da yanayin ƙasar tamu. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, wato Haɗeja, Kafin Hausa, Auyo, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma, yawancinsu a kwarin kogi suke ko a gefensa. Idan damina ta yi nisa, ruwan da ke gangarowa daga Tiga da Challawa ya haɗu da na sama, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, akwai ƙauyukan da sai da kwalekwale ake fita daga cikinsu. A ambaliyar 2022 Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wahala, gidaje da yawa suka rushe a Bulangu da kewaye, iyalai suka koma azuzuwan makarantu. Gidan ƙasa idan ya faɗi, da takardar saki da katin rigakafi da takardar haihuwa, ga wanda ma yake da su, duk tare suke tafiya. Ƙididdigar talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen jiharmu suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Bazawarar da ta koma gidan iyayenta da kayan jikinta ba ta da kuɗin lauya, ba ta da kuɗin ɗauko shaidu biyu a kan babur sau huɗu ko biyar, kuma babu shaidar da zai bar shukar shinkafarsa ya yini a harabar kotu don a ce masa an ɗaga. Kowane ɗagi kuɗi ne. Mai ƙaramin ƙarfi shi ke fara gajiya, ya daina zuwa, a kori ƙara, a rubuta cewa mai ƙara ba ta bayyana ba.

Roƙona shi ne ka fitar da umarnin aiki ga kotunan shari'a da ke ƙarƙashin kulawarka, wanda zai sa shiri ya zama matakin farko na kowace ƙarar riƙo. Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 277 ya sanya al'amuran aure da dangantakar iyali da kula da ƙananan yara cikin hurumin kotunka, sashe na 279 kuma ya ba ka ikon tsara ƙa'idojin aikinta, ga shi duk kuskuren da aka yi a ƙasa teburinka yake zuwa idan an ɗaukaka ƙara. Abin da za a fara da shi ƙarami ne: takarda shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami, wadda malaman kotunka za su tsara su sa hannu. Ta bayyana wa ke da haƙƙin riƙo da yadda yake bi daki-daki, abin da ke kayar da shi, abin da ke kan uba, da abin da kowane ɓangare zai zo da shi ranar zama. A haɗa ta da sammaci a kai wa wanda ake ƙara, a bai wa mai ƙara tata tun ranar da ta shigar. Tun da da yawa ba sa karatu, magatakardan kotu ya karanta musu ita a gaban juna kafin a fara sauraro, a rubuta a littafin shari'a cewa an karanta. Idan magana ta kai ga uwa za ta sarayar da riƙo, ko a hul'i ko a sulhu, alƙali ya faɗa mata a fili cewa abin da za ta bari ba zai dawo ba, ya ji amsarta daga bakinta, ba daga bakin wakili ba.

A wannan zama na farko ne kuma ya kamata a yanke inda yaro zai zauna da abin da zai ci kafin a gama shari'a. Rashin wannan shi ke sa mutane fizge yara daga hanyar makarantar allo ko daga gidan biki, domin kowa ya lura cewa wanda yaro yake hannunsa shi jinkiri yake yi wa aiki. Idan aka san cewa tun ranar farko alƙali zai mayar da yaro inda zahirin shari'a ya ajiye shi har a ji hujjoji, ribar fizge ta ƙare. Sannan a sami wanda zai je ya gani da idonsa. Ƙananan hukumomi suna da ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma babu ƙauyen da ba shi da mai unguwa da liman. Jami'a mace ta shiga gidajen biyu ta ga inda yaron zai kwanta, ta ji daga bakin matar uban ko ta yarda ta riƙe shi, domin shari'a ta sharɗanta wa namiji mai neman riƙo ya kasance yana da macen da za ta yi renon. Sau nawa ake bai wa uba yaro alhali ba a taɓa tambayar wadda za a ajiye wa shi ba?

Na san abin da wasu masana za su fara cewa: alƙali ba ya laƙƙana wa mai shari'a hujja, idan kotu ta koya wa mutane abin da za su faɗa ta bar matsayinta na tsaka-tsaki. Wannan magana tana da nauyi, kuma da roƙona shi ne a ja ɓangare ɗaya gefe a raɗa masa, da ta rushe shi. Amma sanar da mutum biyu hukuncin Allah a lokaci guda, da lafazi guda, a gaban juna, bai fifita kowa ba. Fiƙihunmu ma ya riga mu zuwa nan. Me ya sa alƙalin Malikiyya ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, har kotunan sama suke rushe shari'ar da aka tsallake wannan mataki? Me ya sa wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa Al'ash'ari ta yi umarni a yanka wa mai da'awar hujjar da ba ta kusa wa'adin kawo ta? Don kada a ci mutum da rashin shiri ne. I'izarin da aka yi wa macen da ba ta san mece ce hujja a wannan babi ba, ta ce ba ta da sauran magana, ya cika sharaɗi a takarda, amma bai yi aikin da aka sanya shi dominsa ba.

Wasu kuma za su ce wannan zai buɗe wa mata ido su riƙa kai iyayen 'ya'yansu kotu, alhali sulhun dattawa ya fi rufin asiri. Ina tare da su a kan fifikon sulhu. Yaron da iyayensa suka daidaita a zauren mai unguwa ya fi wanda aka yi shekara ana ja-in-ja a kansa samun kwanciyar hankali, kuma zumuncin dangi biyu ya fi saurin ɗinkewa. Sai dai ita wannan wasiƙa ta Umar da ta yabi sulhu, ita ce ta togace sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sulhun da aka gina a kan cewa ɗaya bai san haƙƙinsa ba yakan warware ranar da ya sani, kuma a lokacin rigimar ta fi zafi. Ni a ganina sani rage ƙararraki zai yi. Hausawa suna cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, wannan rashin tabbas ɗin ne yake sa kowa ya ce bari ya gwada sa'arsa. Uban da liman ya karanta wa cewa ɗan shekara biyu na uwarsa ne, bayanta kuma na kakarsa, ba zai sayar da akuya ya je neman abin da ya san ba zai samu ba. Zai zauna a yi maganar ciyarwa da ranakun ziyara. Takardar da kotu ta fitar za ta zama abin da dagaci da 'yan Hisba da limamai za su riƙa sulhu da shi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a bakin maza shi ne na kuɗi. Suna cewa a bar wa mace yaro a kuma ce ka riƙa aika mata kuɗi, ita za ta ci, ko ta kai gidan wani. Wasu kuma da gaske ba su da abin bayarwa duk wata, domin manomi da masunci ba albashi suke ɗauka ba. Wannan ma rashin shiri ne yake ƙara dagula shi. Idan ba a zo da bayanin abin da mutum yake samu ba, alƙali zai yanka adadi da ƙiyasi, ko ya yi wa uban nauyi ya gudu, ko ya yi kaɗan har bai sayi kokon safe ba. Shari'a ta ce gwargwadon hali. A ƙasar da ake girbin gero da dawa da kaka, a kuma girbe shinkafa da alkama a noman rani na kwarin Haɗeja, babu abin da ya hana a yanka ciyarwa da tiya ko da buhu, a ɗaure ta da lokacin girbi, kuɗin magani da na makaranta kuma uba ya biya kai tsaye idan zuciyarsa ba ta natsu ba. Hatsi ma ya fi naira riƙe daraja a wannan zamani da farashi ba ya kwana inda ya yini. Abin da ya wajaba shi ne hukuncin ya fito a rubuce, kowa ya tafi da kwafinsa: nawa ne, yaushe, ta hannun wa, wace rana uba zai ga ɗansa, ina yaro zai yi salla. Hukuncin da ya tsaya a kan cewa uba ya riƙa ciyarwa, ba adadi ba lokaci, sabuwar ƙara ce aka shuka.

Za a sami mai cewa duk wannan tsarin Turawa ne ake so a shigo da shi ta bayan gida. Ban nemi a canza hukunci ko ɗaya daga cikin abin da ke Muhtasar ba. Ƙasashen Musulmi da suka tsaya suka duba wannan matsala sun ɗauki irin waɗannan matakai. Maroko, wadda Malikiyya ce kamar mu, dokar iyalinta ta 2004 ta bai wa kotu damar tura ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta duba gidan mai riƙo ta kawo rahoto. Masar ta kafa kotunan iyali a 2004, inda masanin zamantakewa da masanin halayyar ɗan Adam suke taimaka wa alƙalai, ta kuma kafa asusun da ke biyan ciyarwar da kotu ta yanka ta hannun Bankin Nasser. Tunisiya ta riga su da irin wannan asusu tun 1993. Malesiya ta buɗe sashe na musamman a hukumar kotunan shari'arta a 2008 don bin sawun kuɗin ciyarwa. Wasu daga cikinsu sun sauya har da hukunce-hukuncen riƙon, wannan kuwa magana ce ta malamai da majalisa, ba ita na kawo ba. A gida ma, Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jigawa a Disambar 2021, wadda ta samo asali daga dokar tarayya ta 2003 mai gabatar da maslahar yaro a kan komai. Malamanmu sun daɗe da faɗin cewa don amfanin yaro aka shar'anta hadana, saboda haka babu karo a nan.

Saura maganar kuɗin aiwatarwa. Buga takarda shafi ɗaya da karanta ta ba sa bukatar sabon gini ko sabon ma'aikaci. Ziyarar gida ce take son kuɗin mai da ɗan alawus, wannan kuwa sai an haɗa hannu da ɓangaren zartarwa, kuma ina kyautata zaton Gwamna Malam Umar Namadi, wanda ɗan Kafin Hausa ne ya kuma san waɗannan ƙauyuka da hanyoyinsu, zai saurari buƙatar idan daga ofishinka ta fito. Kwalejin da ke Ringim mai horar da ma'aikatan shari'a tana iya sa wannan a cikin darasinta. Jami'ar Sule Lamido tana nan cikin garinmu da malaman Hausa da na addinin Musulunci da za su taimaka a tace lafazin takardar har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane. Rediyon Jigawa da Sawaba ta Haɗeja su karanta ta, limaman Juma'a su yi huɗuba a kanta. Ba sai an game jiha a tashi ɗaya ba. A fara da kotunan ƙasar Haɗeja na shekara guda, sufetocin kotuna su ƙirga sau nawa ake ɗaga ƙarar riƙo kafin tsarin da bayansa, ƙara nawa ake kora don mai ita ta daina zuwa, nawa ake ɗaukakawa zuwa Dutse. Idan alƙaluman ba su nuna amfani ba, a ajiye shi.

Allah ya gafarta Malam, ina roƙonka ka kira alƙalan kotunka da manyan alƙalan yankin Haɗeja su zauna a kan wannan takarda, a fitar da ita tare da umarnin zaman farko kafin damina mai zuwa ta sake yanke hanyoyi. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Daga Kafin Hausa, Masarautar Haɗeja.